Inna Kirista ce, ni Musulmi, ga tsufa ya zo mata: yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a wani ƙauye a ƙasar Sumaila, ina noma, ina ɗan taɓa kasuwancin hatsi. Mahaifiyata ta musulunta kafin ta auri mahaifina, ta rasu ina ɗan shekara huɗu. Yayarta ce ta ɗauke ni, muna ce mata Inna. Ita Kirista ce har gobe, amma ita ta kai ni makarantar allo da hannunta, ita take tashina sahur, ta ɗumama mini tuwo a cikin sanyin asuba alhali ba ta azumin. Yanzu ta haura tamanin. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya da ya rage yana Kudu, sai shekara-shekara ake ganinsa. Tana zaune ita kaɗai a tsohon gidansu na cikin gona, idonta ya yi rauni ƙwarai, a daminar nan ta faɗi har sau biyu. Ina son in dawo da ita gidana. Maiɗakina tana ɗari-ɗari saboda kwanuka da yara da waƙoƙin coci. Wasu abokaina sun ce kada in yarda sai ta musulunta. 'Yan cocinsu kuma suna raɗe-raɗin wai gonarta nake so, ko kuma zan raba ta da addininta. Ita kuwa Inna ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za ta mutu. Na rasa yadda zan yi.

Wani bawan Allah daga ƙasar Sumaila

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba Inna lafiya. Bari in fara da maganar abokanka, domin ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma in ba a kawar da ita daga hanya ba, sauran ba za su gyaru ba.

Ba su da gaskiya. Ba na shakkar cewa alheri suke nufi, amma abin da suka faɗa maka ba shi ne addinin ya koyar ba. Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirkarta, tana neman taimako. Asma'u ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ta sada zumunci da ita, ya ce mata ta sada. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Bai ce ta jira sai uwar ta musulunta ba. A suratu Luƙman, aya ta 15, Allah ya yi maganar iyayen da ma suke matsa wa ɗansu ya yi shirka: ya ce kada a bi su a wannan, amma a zauna da su a duniya da kyautatawa. To ina ga wadda ba ta taɓa matsa maka ba, ita ce ma ta riƙe hannunka zuwa gaban malam? Aya ta 8 a suratul Mumtahana kuma ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Idan wani ya ce maka ai ba ita ta haife ka ba, ka tuna masa hukuncin da Annabi ya yi a kan riƙon 'yar Sayyidina Hamza, inda ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa.

Na san a zuciyarka kana so ta musulunta. Duk Musulmin da yake ƙaunar mutum yana masa wannan fata, kamar yadda na tabbata ita ma ta sha yi maka addu'a irin tata ba tare da ka sani ba. Ka yi mata addu'a dare da rana, ba wanda ya hana ka. Idan wata rana ta tambaye ka, ka amsa mata da sakin fuska. Amma kada ka taɓa haɗa wannan da tuwo, ko magani, ko wurin kwana. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta da mai ɗebo mata ruwa, idan aka ce mata ga ɗaki ga abinci amma da sharaɗi, tilas aka yi mata, kuma aya ta 256 a suratul Baƙara ta ce babu tilastawa a addini. Lokacin da kake ɗan shekara huɗu, ba uwa, kana hannunta, ta fi ƙarfinka ta kowace fuska. Da ta so da ta juya ka yadda take so, ba mai hana ta. Ba ta yi ba. Yanzu kai ne mai ƙarfin, abin da ya kamace ka ke nan.

Kuma wannan zama ba sabon abu ba ne a ƙasarku. A Sumaila da Rogo da Tudun Wada da Doguwa, akwai gidajen da kaka ɗaya ya haifi Musulmi da Kirista, wasu ma har da waɗanda suka tsaya kan al'adar Maguzanci. Ranar Sallah ana kai tuwo gidajen Kiristoci, ranar Kirsimeti a kira Musulmi ya yanka akuya don maƙwabta su ci ba tare da ɗar ba. Ranar gayya ba a tambayar addinin mai gona. Tsofaffinku sun iya wannan zama tun kafin a haifi abokan naka.

Sai maiɗakinka. Kada ka ɗauki ɗari-ɗarinta a matsayin mugunta. Maganar kwanuka mai sauƙi ce: aya ta 5 a suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, ta halatta musu namu, kuma jikin Kirista ba najasa ba ne, hannunta ba ya ɓata kwano ko moɗa. Abin da ake kiyayewa shi ne giya da naman alade, wannan kuwa ku faɗe shi a fili tun farko, cikin ladabi, a wuce wurin. Abin da ba zan so in ji ba shi ne a ware mata kwano da kofi a gefe guda, a hana yara taɓawa. Makaho ma yana jin wannan a jikinsa, kuma yana kashe tsoho tun kafin ajalinsa.

Yara kuwa, waƙar da kakarsu take rerawa a ɗakinta ba za ta fitar da su daga Musulunci ba, kai ne shaida, a cikin waƙoƙin nan ka girma. Ku zaunar da su ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Inna addininta daban, namu daban, ita ce ta raini babanku, wanda ya yi mata rashin kunya ya yi wa babansa. Ku ci gaba da kai su Islamiyya. Idan akwai abin da kuke so Inna ta kiyaye a gabansu, kai za ka gaya mata, kai kaɗai, da murya ƙasa-ƙasa.

Amma ina zaton akwai abin da maiɗakinka ba ta faɗa ba, kuma ya fi kwanuka nauyi. Idan Inna ta dawo, wa zai yi mata wanka? Wa zai zubar da fo da asuba, ya wanke zanin da aka ɓata, ya tashi cikin dare idan ta kira? Kai kana gona ko kana kasuwa. Mu maza mun saba mu ɗauko alheri mu kawo gida, a yaba mana a waje, mata su yi aikin a ciki. Hidimar Inna a wuyanka take. Idan matarka ta yi, kyautatawa ce, sai ka roƙe ta, ka gode mata, ka rage mata wani nauyin. In da hali ka samo wata dattijuwa ko yarinya mai hankali da za a riƙa biya tana taimakawa, in a cikin matan cocinsu ne ma ya fi, don Inna za ta fi sakewa. Ka zauna da maiɗakinka ku biyu, ka tambaye ta abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ka kuma yarda da amsar da ta ba ka.

Yanzu maganar Inna kanta, wadda ka sa a ƙarshen wasiƙarka. Ta ce ba inda za ta. Malam, wannan ba rigimar tsufa ba ce, magana ce ta mai hankali, kuma tana da dalili. Ka je ka zauna a ɗakin nan ka kalle ta na ɗan lokaci ba tare da ka taimaka ba. Za ka ga ta miƙa hannu ta taɓa randa ba lalube, ta san taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa, ta san inda bango ya tsage ta dafa, ta san muryar kowace akuya. A gidan nan ba ta cika buƙatar ido ba. Ka kai ta gidanka mai dakali da siminti da yara suna guje-guje, sai ta koma cikakkiyar makauniya, ko bayan gida sai an ja ta. Ga kabarin mijinta a kusa, ga ƙawayenta da suke leƙo ta, ga cocin da ta yi shekaru tana zuwa. Jin daɗin tsoho ba a ƙoshi kaɗai yake ba. Yana so a riƙa shawara da shi, ya ji yana da amfani, ya yi ibadarsa, ya ga waɗanda suka san shi tun yana da ƙarfi. Tsofaffi da yawa an ɗauke su daga ƙauye don a hutar da su, ga katifa ga fanka, amma cikin 'yan watanni sai su daina magana, su daina cin abinci.

Don haka shawarata ita ce kada ka ɗauke ta yanzu. Ka fara kai kulawar inda take. Ka sa ɗaya daga cikin manyan 'ya'yanka, ko wata jika daga danginta, ta riƙa kwana da ita. Abinci ya riƙa zuwa daga gidanka a kan lokaci, amma ka bar mata abin da take iya yi da kanta: ɓarar gyaɗa, tsinke zogale, ba kaji tsaba. Kai kuma ka mayar da zuwa gaishe ta farilla a kanka, ko da minti goma ne bayan la'asar, zumunta a ƙafa take. Idan ka je ka tambaye ta ra'ayinta a kan iri da lokacin shuka da auren 'ya'yanka, ka kuma yi aiki da wani abu daga abin da ta ce.

Abu mafi gaggawa kuwa shi ne idon. Mutanenmu sukan ce tsufa ne, su haƙura, alhali sau da yawa yana ce, kuma yanar ido tana da magani. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da manya. Aikinta ɗan gajere ne, galibi ba a sa mutum barci, ido kawai ake kashewa a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a madadinta, kuma shekara tamanin ba ta hana yi. Ka kai ta babban asibitin Sumaila a fara dubawa, ko kai tsaye Kano, asibitin ido na ECWA da yake aiki tun 1943, ko sashen ido na asibitin Murtala. Kada ka jinkirta, domin in hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. Ina kuma roƙonka da babbar murya, kada ka bari masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke a ido su tura yanar ciki su taɓa ta. Mutum yakan ga haske na 'yan kwanaki, daga baya sau da yawa ido ya mutu gaba ɗaya. Haka nan kada a ɗiga mata ruwan ganye ko wani haɗi. Yana yiwuwa idan ta samu gani, faɗuwar nan ta ragu sosai, ta ci gaba da zama a ɗakinta da 'yar kulawa. Yana yiwuwa kuma idan ta ga gidanka da idonta, ta ga jikoki, ita da kanta ta ce a kawo ta. Ka bari a yi aikin tukuna, sannan ka sake tambayarta.

Kafin nan ka gyara ɗakin. Faɗuwa ga mai shekarunta ba wasa ba ce, karayar ƙugu takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. A rage tsawon dokin ƙofa, a cike ramukan tsakar gida, a ɗaure igiya ko a kafa itace daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida don ta riƙa dafawa, a sama mata kujerar zama a masai, da sanda mai ƙwari, da fitila mai caji kusa da gado. A duba rufin kafin wata damina. Da hunturu kada a bar mata garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa a cikin barci, ga kuma hatsarin zani ya kama. Bargo da rigar sanyi sun fi. Da bazara a riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri.

A auna mata jini da suga a asibitin mazaɓarku, don jiri ma yana kayar da mutum. Ka tambaya a can ko za a iya yi mata rajista a shirin marasa galihu na KSCHMA, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano. Ka kuma duba ƙullin magungunanta: ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis ana sha kullum suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Abinci ya zama mai laushi mai gina jiki, kunun gyaɗa, alale, faten wake, ƙwai, nono, a rage gishiri da ɗanɗanon miya.

Wani abu da nake so ka sa wa ido: tsohuwa ita kaɗai a gidan gona, ba ta gani, wataƙila tana magana ita kaɗai, irinta ce ake fara yi wa ƙazafin maita idan yaro ya yi rashin lafiya a gari. Idan ka ji ƙishin-ƙishin ɗin wannan, ka taka masa birki nan take a gaban mai unguwa. Mantuwa da ruɗewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da tsufa kan kawo. In kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara.

'Yan cocinsu kuma kada ka yi fushi da su. Tsoronsu yana da tushe, sun ga an yi wa wasu. Kai za ka fara zuwa wurinsu. Ka je ka gaida faston da dattawan cocin, ka gaya musu abin da ka gaya mini, ka nemi taimakonsu. Maganar gona kuwa tana da amsa a cikin addininka: hadisin Usama ɗan Zaidu a Buhari da Muslim ya ce Musulmi ba ya gadon wanda ba Musulmi ba, ga shi kuma tana da ɗa a raye. Ka faɗi wannan a gaban dagaci da liman da fasto, a rubuta, kowa ya sa hannu, cewa gona ta Inna ce, bayanta ta magadanta ce. Idan kai za ka riƙa nomawa, a rubuta ko aro ne ko haya ko raba amfani, a riƙa auna mata rabonta a gaban shaidu, ya shiga rumbunta. Tsohuwar da take da hatsin kanta, tana iya ɗiba ta ba wanda ta so ko ta kai baikonta, wato sadakarta, coci, ba ta jin ta zama kaya a wuyan kowa.

Ka kira ɗan nata, ba da faɗa ba. Ɗan'uwanka ne, nono ɗaya kusan kuka sha. Littafinsu ma ya umarce shi, a Fitowa 20:12, ya girmama mahaifinsa da mahaifiyarsa, kuma fasto zai fi ka iya tuna masa. Ku yanka abin da zai riƙa turowa duk wata ko kaɗan ne, ku sa ranar da zai riƙa kiranta a wayarka ta ji muryarsa. Duk shawarar da za a yanke a kan aikin ido ko tashinta, a yi da saninsa, don kada gobe ya ce an yi ba shi.

Ranar Lahadi, ku shirya da cocin su riƙa turo mai mashin ko wani matashi ya ɗauke ta ya dawo da ita. Wannan ya ɗauke maka duk wani ƙaiƙayi a zuciya, ita kuma ba ta rasa ibadarta ba. Ranar da jiki ya ƙi, matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinsu, su zo su same ta, su karanta mata Littafi Mai Tsarki da Hausa, su yi waƙoƙinsu. Idan wata rana ta dawo gidanka, wannan ƙofar ta zauna a buɗe. Ka ba ta ɗaki nata, in so samu ne kusa da zaure don baƙinta su shiga ba tare da sun takura matan gida ba, a kawo mata gadonta da randarta da akwatinta, a jera su yadda ta saba.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, amma gara a yi ta tana da hankalinta. Ta riga ta buɗe maka ƙofa da ta ce a ɗakinta za ta mutu. Ka tambaye ta a hankali inda take so a binne ta da wanda take so ya yi mata hidima, a gaban ɗanta da fasto, ko da ta waya ne. Idan ta cika a kan addininta, mutanen cocinta ne za su yi mata sutura yadda suke yi, kai kuma ka tsaya a kan abin da ya shafi ɗawainiya da karɓar gaisuwa. Lokacin da Abu Ɗalib ya rasu, Annabi ya umarci Sayyidina Aliyu ya je ya binne mahaifinsa. An sha ganin gidaje irin naku ana jayayya a kan gawa, Musulmi na ja Kirista na ja, har hukuma ta shigo, saboda ba a yi wannan zama tun da wuri ba.

A makon nan ka fara da abu biyu: ka je wurin fasto, ka kuma sa ranar zuwa asibitin ido. Ranar tafiyar ku ɗauki mace ɗaya daga cikin matan zumunta da Inna ta yarda da ita, saboda kama ta zuwa bayan gida da kwana idan an riƙe ku. Ku yi sammako, layi yakan yi tsawo, ku tafi da duk magungunan da take sha a nuna wa likita. Allah ya sa a dace.